Ranar da Goron Baffa Ilu Ya Sha Teku

Karantina, kafin asuba

Ladanin unguwarmu ta Karantina bai gama gyaran murya ba muka fito. Kada wanda ya tambaye ni ƙarfe nawa ne, domin agogon hannuna na ado ne, tun da na saye shi yake nuna lokacin wata ƙasa da ban taɓa zuwa ba. Juma'a ce dai, cikin shekarun tamanin, zamanin da nake ɗinki a Jidda ina aiko muku da hotuna a jikin motocin mutane, kuna cewa Garba ya yi arziki.

Mu biyu ne, ni da Baffa Ilu ƙanin mahaifinmu. Baffa umara ya zo, ladan Harami ya yi masa daɗi har ya manta hanyar filin jirgi. Takardarsa ta daɗe da mutuwa, ko zaman makoki ba a yi mata ba. Na ukunmu ƙunshin algarara ne da ya rungume a ƙirji, goro ƙwarya biyu.

Ga abin da ya tashe mu. Ƙanena Sani, mai gyaran wuta a unguwar Khumra, ya ga wata mai ɗinkin mata sunanta Zainab, ita ma ta gan shi. Ubanta Malam Haruna, wanda 'yan Jidda ke kira Ammi Harun, wato Baffa Haruna, gadin wani gida yake yi a gaɓar arewa ta Abhur, wato wani mashigin teku da ke arewa da gari. Sani ya yi irin ta yaran zamani, ya tura abokansa da kwalayen lemo da gwangwanin alewa. Tsohon ya maido su da kayansu, ya ce shi ba kanti ya buɗe ba. In yaron yana da mutane, su zo masa da babba da goro kamar 'ya'yan mutane, ranar Juma'a kafin a shiga masallaci. In ba su zo ba, halas, wato magana ta ƙare, kada a ƙara ambata masa. Tun daga ranar Sani ya daina cin abinci, ya koma tamkar wayar da yake gyarawa.

Goro a Jidda ba abin da ake samu a bakin titi ba ne. A ɗakin wata Hajiya muka samo shi nan Karantina, ba mu tambaye ta yadda ya shigo ƙasar ba, ita ma ba ta tambayi takardar Baffa ba. Shi kuwa Baffa a kasuwar goro ya yi furfura a Dambatta. Ɗaya bayan ɗaya ya zaɓa, marsa zalla, manya-manya, fari da ja, yana shinshinawa yana neman sankara, ƙwaron da ke cin goro, har Hajiya ta ce in aure za a ɗaura wa goron a faɗa mata. Ya naɗe shi a ganye, ya sa a algarara, ya ɗauko kwalbar ruwa don yayyafi. Dokarsa ɗaya ce, kuma na ji ta ya fi sau ɗari: goro da jariri ba a barinsu da ƙishi.

Bab Makka

A Bab Makka muka yi sallar asuba, muka karya da ful da gurasar tamis da shayi. Baffa ya dubi ful ɗin ya ce wake ne da aka yi wa dukan ɓarawo, sannan ya cinye nasa ya taya ni nawa.

Nan muka haɗu da Bakur, wanda zai kai mu. Haifaffen Jidda ne, kakansa ya zo daga Zazzau da ƙafa. Yana da 'yar a-kori-kura, irin wadda a can suke kira wanet, yana kai wa masunta ƙanƙara. Hausarsa kamar shinkafa da wake take, sai ka tona kafin ka san wanne ya fi yawa, ita ko Larabci. Ya ja ni gefe ya ce hanyar da ke zagaye kan mashigin zuwa gaɓar arewa akwai masu binciken takardu a kanta kwanakin nan.

"Amminka ba shi da waraga," in ji shi, wato Baffa ba shi da takarda. "Suka gan shi, halas, sai Kano. Ni in kai ku gaɓar kudu, ku haye da kwale-kwale. Yalla."

Dabara ce mai kyau, sai dai akwai gyara. Tun ranar da Baffa ya leƙa ta tagar jirgi ya ga Bahar Maliya, ruwa iya ganinsa babu ko bishiya, ya rantse ƙafarsa ba za ta taɓa hawa kan teku ba. Ya ce abin da ya cinye Fir'auna da dawakinsa ba zai yi wa mai goro kara ba. Saboda haka na roƙi Bakur, in mun isa kada kowa ya ce teku. Kogi za a ce. Bakur ya yi dariya har shayi ya sarƙe shi, ya ce ƙasar da ba ta da kogi ko ɗaya yau ni na haƙa mata. Har gobe ban ga laifina ba. Da na faɗi gaskiya, da a Bab Makka tafiyar ta ƙare.

Hanyar Madina

Muka miƙe arewa bisa hanyar Madina, mu uku a gaba, ƙanƙara na zuba a baya. Rana ba ta gama fitowa ba zafi ya riga ta. Da muka zo daidai sabon filin jirgi, inda fararen rumfunan alhazai suke jere, Baffa ya sunkuyar da kai ƙasa har muka wuce, wai kada jirgin da ya kawo shi ya gane shi.

Gaba kaɗan motar ta fara tururi. Bakur ya tsaya, ya waiga, ya ga kwalbar Baffa, kafin a ce kwabo ya juye ta a cikin injin. Baffa ya yi salati. Bakur ya ba shi haƙuri, ya ce ga ruwan ƙanƙara nan a baya, ya ɗiba son ransa. Baffa ya shinshina ya ce ruwa mai ƙarnin kifi ba zai taɓa goronsa ba, ko da za a kwana a nan. Daga nan har muka isa, hannunsa na kan algarara yana taɓawa, yana jin tana bushewa.

Don ya kwantar masa da rai, Bakur ya shiga ba mu tarihin Abhur. Ya ce da can babu komai sai bukkokin masunta da jiragen katako masu fakewa in iska ta tashi. Mutanen Jidda kan yi yini guda a kan raƙumi ko jaki kafin su zo. Sai masu kuɗi suka gano cewa iskar wurin ta fi ta gari daɗi, suka zo suka kewaye ta da katanga. Yanzu talaka in yana son ganin ruwan sai ya nemi inda mai gida ya manta bai gina ba. Sau biyu kalmar bahar, wato teku, tana kawowa bakinsa, ina taka masa ƙafa.

Gaɓar kudu

Ku da ke gida, ga yadda wurin yake. Teku ce ta zura hannu cikin tudu, ta yi nisa ƙwarai, siririya, har kana tsaye a wannan gaɓa kana ganin gidajen waccan. Ruwan shuɗi ne kamar an zuba masa bula, a bakin gaɓa kuma kore-kore. Inda babu katanga, iyalai sun shimfiɗa dardumai tun jiya, da butocin shayi da tukwane. Maza na tattare fararen riguna zuwa gwiwa suna taka ruwa a hankali kamar masu tsallake kwata. Wata baiwar Allah ta shiga da abayarta har ƙugu, ta tsaya, ta fito, ita ta yi wanka ke nan. Ga mai raƙumi yana ɗora yara yana karɓar kuɗi, ga mai dafaffen wake da tsami, ga mai gasa masara da ya ce mana riyal biyu, Baffa ya ce a Dambatta da wannan kuɗin sai a haɗa maka da gonar.

Baffa ya tsaya ya ƙare wa ruwan kallo. Ya ga gaɓa nan, ya ga gaɓa can, hankalinsa ya ɗan kwanta. Sai ya tambaye ni me ya sa kogin ba ya gudu.

Na ce, "Baffa, yau Juma'a, a ƙasar nan komai hutu yake."

Bakur ya haɗa mu da wani tsohon masunci Bayamane mai ɗan kwale-kwale da inji a gindi. Ya ce riyal goma. Baffa ya zauna ya yi ciniki da shi da Hausa tsantsa, ya kawo masa tsadar gero, ya kawo masa zumuncin Musulunci, mutumin yana gyaɗa kai bai ji ko ɗaya ba. A ƙarshe muka biya riyal goma, Baffa ya ce ai da bai yi magana ba da an cuce mu.

Tsakiyar ruwa

Ni na zauna a gaba, Baffa a baya kusa da mai jirgi, ya ja hularsa har gira. Ban ɓoye muku ba, na manta da shi. Ruwan garau yake, kana ganin ƙasa. Duwatsu ne a ciki masu rassa, wasu ja wasu fari, kifaye na shiga suna fita, kowanne da irin atamfarsa. Ni da ke sana'ar yadi na ga haɗin kalar da ban taɓa yi wa kowa ba, rawaya da shuɗi da ɗigon baƙi, kuma ya zauna daram.

Mai jirgi yana nuna mini wurare da haɓa, ina tsintar abin da Larabcina ya iya ɗauka. Can bakin mashigin, in ji shi, inda ruwan ya buɗe, nan jiragen da ke ƙetaro mutane daga Sudan suke shigowa a zamanin ubansa. Wanda ba ya son ma'aikatan tashar Jidda su ƙirga masa fasinja, nan yake sauke su, ya nuna musu gabas ya ce ga Makka can. Na ce masa ashe zaman takari ba mu muka fara ba, gado muka tarar.

Wani jirgi mai gudu ya wuce mu yana jan wani Bature da igiya, tsaye a kan katakai biyu, ba riga. Baffa ya ɗaga hula ya duba, ya tambaya laifin me ya yi. Na ce wasa ne, kuɗi ma ya biya. Ya ce Allah ya ƙara mana lafiya da hankali, ya mai da hula. A lokacin na ga hannunsa ɗaya a wajen jirgi yana riƙe da wata igiya tamau. Na ɗauka tsoro ne ya sa ya kama abin da ya samu, har na ji tausayinsa.

Gaɓar arewa

Da muka taɓa ƙasa na yi tsalle na sauka, na miƙa masa hannu. Ya ce in dakata. Ya jawo igiyar nan a hankali, sai ga algarara ta fito daga cikin ruwa tana tsiyaya. Tun daga waccan gaɓa ya ɗaure ta ya saka, ta biyo mu a ruwa har nan.

"Ya sha ya ƙoshi," in ji Baffa, fuskarsa fal murna. "Ruwan kogi ya fi na famfo, ba magani a ciki."

Na dafe kai. Mai jirgi ya dube mu, ya dubi buhun, ya tada injinsa ya tafi, kafaɗunsa na rawa don dariya. Baffa ya kwance bakin algarara, ya zaro fari guda, ya ɓare, ya kai baki. Ya tauna sau biyu ya tsaya. Ya tofar, ya tsoma yatsa a ruwan da muka haye, ya lasa.

"Garba, wane irin kogi ne wannan?"

"Irin na ƙasar nan ne, Baffa."

Bai zage ni ba, kuma da ya zaga da ya fi mini sauƙi. Ya zauna a kan dutse ya baje goron a cinyarsa yana juya su. Ta faru ta ƙare, an yi wa mai dami ɗaya sata. Muka sami famfo a jikin wani ɗan masallaci muka wanke, muka sake wankewa, amma gishirin ya riga ya bi tsagin goron ya shige, fatar ta fara yamushewa a rana. Mutumin da tun yana saurayi ba a taɓa maido masa da goro ba, yau shi zai kai na neman aure mai ɗanɗanon miya. Na ga idonsa ya kawo ruwa, ni ma dariyar da ke cina ta koma ciki.

Ya ce mu juya. Gara a ce ba mu zo ba da a ce mun zo da wannan. Na tuna masa cewa rana ta yi sama, an kusa kiran salla, kuma tsohon ya ce daga yau babu wata Juma'ar. Na tuna masa Sani, da yadda wandonsa ya daina zama a ƙugunsa. Baffa ya tattara goron ya ɗaure.

"Mu je," in ji shi. "Amma ni zan faɗa da bakina kafin ya ɗanɗana. Ban taɓa sayar wa mutum goro a rufe ba."

Ɗakin Ammi Harun

Gidan da yake gadi katangarsa ta fi ta kurkuku tsawo, ta gangara har cikin ruwa. Shi kuwa ɗan ɗaki gare shi a bakin ƙofa, da tabarma da buta da fanka mai kuka. Dogo ne baƙi, farin gemu, ba ya dariya kyauta. Aka gaisa, aka sake gaisawa, ya tambayi mutanen gida ɗaya ɗaya kamar ya san su. Aka kawo shayi a ƙananan kofuna irin waɗanda ba sa kashe ƙishin kaza.

Baffa ya gyara zama ya faɗi abin da ya kawo mu, da kalmomin da ake faɗa, ɗanmu ya ga 'yarku, mun zo neman iri. Sannan ya tura algarara gaba, ya ce kafin a buɗe yana da magana. Ya ce goron nan shi ya zaɓe shi da hannunsa, babu na biyunsa a Jidda, kuma shi ya lalata shi da hannunsa. An ce masa kogi ne, ya jiƙa shi a teku. Bai ce wa ya faɗa masa ba, ya dai dube ni, ni kuma na dubi fanka.

Tsohon ya miƙa hannu ga algarara. Ya buɗe, ya ɗauki ja guda, ya ɓare ya sa a baki. Na zuba wa haɓarsa ido ina jira ya tofar. Ya tauna, ya ci gaba da taunawa, sai na ga ya daina kallonmu, yana kallon ƙofa, inda ruwan ke walƙiya. Har shayina ya huce idonsa na can. Na ce a raina shi ke nan, sai mu je mu nema wa Sani maganin ci.

Da ya buɗe baki, muryarsa ta sauya. Ya ce yana ɗan yaro suka baro ƙasar Haɗeja da ƙafa, shi da uwarsa da ayarin garinsu. Suka yi shekaru a Sudan suna tsinkar auduga kafin su tara na jirgi. A Sawakin, inda ake shiga jirgin ruwa, uwarsa ta sayi goro uku ta ƙulle a bakin zane, ta ce sai a Arfa za ta ci. A teku iska ta juya musu, ruwan sha ya ƙare, igiyar ruwa tana faɗowa cikin jirgin ta jiƙa kowa da komai. In ya yi kukan ƙishi, sai ta kwance bakin zanen ta gutsura masa kaɗan ta ce ya tauna. Haka har goro ukun suka ƙare, ita ba ta sa ko ɓare a bakinta ba. A wannan gaɓa aka sauke su. Ba ta kai ga ganin Makka ba, nan aka binne ta, wani wuri tsakanin katangar nan da ta maƙwabta, shi kansa ba zai iya nuna daidai ba. 'Ya'yansa sun gaji da roƙonsa ya bar gadi ya koma cikin gari.

"Na ci goro iri-iri a ƙasar nan, ya Alhaji," in ji shi ga Baffa. "Ina ta neman wannan ɗanɗanon ban samu ba. Na ɗauka wani irin goro ne da aka daina kawowa. Ashe teku ce."

Ya share fuska da gefen mayafinsa, ya ja algarara kusa da ƙafarsa.

"Na ba ku. Ku gaya wa yaron ya ci abinci, an ce mini ya rame."

Komowa

Tare muka yi Juma'a a ɗan masallacin da muka wanke goro. Bayan an ci shinkafa da soyayyen kifi, Baffa ya sanar da cewa ko za a yanka shi ba zai sake hawa wannan ruwa ba, kogi ne ko rijiya. Ammi Harun ya yi magana da direban mai gidan, wanda zai shiga gari, aka sa mu a bayan wata doguwar mota mai sanyi. A wurin binciken takardu ko tsayawa ba mu yi ba, sai ma hannu da aka ɗaga mana. Baffa ya ɗaga nasa a hankali, irin na manya.

Da la'asar sakaliya muka shiga Karantina. Sani na tsaye a bakin lungu tun safe. Na so in ja masa rai, amma Baffa ya riga ni, ya ce a kawo wa yaron nan tuwo. Ya ci kwano biyu a tsaye.

Bayan biki Baffa ya kai kansa wurin hukuma aka mai da shi gida. Ina jin labari har yanzu yana gaya wa mutanen kasuwa cewa da gangan ya jiƙa goron, sirrin sana'a ne. Wanda ya ji wannan a bakinsa ya gyaɗa kai kawai, girmansa ne.

Goron neman aure rabawa ake yi, kowa ya sani, dangi da maƙwabta kowa ya sami nasa. Zainab ta gaya mini ubanta alewa ya saya ya raba wa mutane, goron kuwa ko ɓare bai ba kowa ba. Kullum bayan la'asar sai ya ɗauki guda, ya fita bayan katanga ya zauna yana fuskantar ruwa. Da ya bushe ya yi tauri, sai ya koma daka shi a ɗan turmi, har ya ƙare.

Godiya ta tabbata ga Allah da ya kai mu ya dawo da mu. Na gode wa Bakur da motarsa mai shan ruwan mutane, da Bayamanen da ya ga komai ya yi shiru, da Baffa Ilu da ya ƙi rufe buhu. Wanda kuma Allah ya kai shi Abhur a cikinku, in ya gama kallon kifi da Turawa, ya juya wajen gaɓar arewa ya karanta Ƙulhuwallahu. Akwai wata mutuniyar Haɗeja a nan, a ƙarƙashin katangar wani.